Makeron kyanwa: abin da zubewar gashi ke nunawa game da garkuwar jikinta

Yawancin masu ajiye kyanwa a gida ko a shago domin maganin ɓeraye ba su cika damuwa ba idan suka ga gashinta ya zube a zagaye kamar kwabo, a kunne ko fuska ko ƙafa. Sau da dama wannan alama ce ta makero, cutar fata da ƙwayoyi dangin funfuna ke haddasawa, musamman wadda masana ke kira Microsporum canis.

Ƙwayar tana cin sinadarin da ke gina gashi da farce da saman fata. Kyanwa mai ƙoshin lafiya takan warke da kanta cikin 'yan watanni, saboda garkuwar jikinta tana daƙile yaɗuwar cutar. Amma 'yan jarirai, da tsofaffi, da masu fama da yunwa, da waɗanda aka daɗe ana ba su magungunan da ke danne garkuwa, cutar takan mamaye jikinsu, ta kuma yi wuyar magani.

Akwai kuma ƙwayoyin bairos biyu da ke karya garkuwar kyanwa: FeLV, wadda aka gano a Sikotilan a 1964, da FIV, wadda aka gano a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1986. FIV tana yaɗuwa ne galibi ta hanyar cizo yayin faɗa. Dukansu biyu ba sa kama ɗan Adam.

Makero kuwa yana kama mutane, musamman yara da masu raunin garkuwa. Irin ƙwayar yana iya rayuwa a kan shimfiɗa, buhuna ko kujeru sama da shekara guda. A Brazil, wata cutar funfuna mai tsanani, wadda Sporothrix brasiliensis ke jawowa, ta kama dubban kyanwowi da mutane a Rio de Janeiro tun daga 1998, ta hanyar yakushi da cizo.

Saboda haka, duk kyanwar da cutar ta ƙi barinta, ko take dawowa, a kai ta wurin likitan dabbobi domin a gwada gashinta da jininta. Magani yakan haɗa da na sha, kamar itraconazole, da wanka na musamman, na tsawon makonni. A keɓe ta daga yara, a wanke shimfiɗarta, a wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta. Kada a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.