Labarin Joseph Heywood, Ma'ajin da Ya Ƙi Buɗe Akwatin Banki

A arewacin ƙasar Amurka, cikin jihar Minesota, akwai wani ƙaramin gari a bakin kogin Cannon, ana ce da shi Northfield. An kafa shi a 1855. Gari ne na manoman alkama da masu niƙa ta, ga kuma kwalejin Carleton da aka kafa a 1866. A nan ne wani mutum mai suna Joseph Lee Heywood ya yi aikin banki, har aikin ya zama ajalinsa.

Ba ɗan garin ba ne. An haife shi a 1837 a Fitzwilliam, wani ƙauye na jihar New Hampshire, can gabas, a gidan manoma. Da ya tasa sai ya bar gida ya nufi yamma neman abin kansa, kamar yadda samarin ƙasarsu suka saba a zamanin. Yana jihar Illinois yaƙin basasa ya same shi, ya shiga sojan Arewa a 1862. Bai daɗe a fagen fama ba ciwo ya kayar da shi, aka mayar da shi aikin ɗakin magani na soja a Nashville, yana can har aka gama yaƙin a 1865. A 1867 ya sauka Northfield, ya kama aikin akawu a wurin wani mai sayar da katako. Shekara biyar yana riƙe da littattafan lissafin mutumin nan, mutanen gari suna lura da shi. A 1872 aka ɗauke shi akawun bankin garin, wato First National Bank. Daga baya aka naɗa shi ma'ajin gari, kwalejin Carleton ita ma ta ba shi riƙon kuɗinta.

A gida kuwa ya ga daɗi ya ga wuya. Ya auri Mattie Buffum a 1869, ta haifa masa 'ya mace a 1871, aka sa mata suna Lizzie May. Yarinyar tana da shekara biyu uwar ta rasu. A 1874 ya auri ƙawar marigayiyar, Lizzie Adams, ta riƙe marainiyar. Sai ga gida mai mutum uku, matar uba da 'yar miji sunansu ɗaya.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda bankin ƙaramin gari yake a Amurka a wancan zamani, don sai da haka zai gane nauyin abin da ke wuyan Heywood. Dokar bankunan ƙasa ta 1864 ta yarda a buɗe banki da jarin dala 50,000 a garin da mutanensa ba su wuce 6,000 ba. Jarin nan attajiran garin ne ke haɗa shi, sau da yawa uba da 'ya'yansa da surukansa. In banki ya karye, mai hannun jari zai yi asarar abin da ya zuba, sa'an nan doka ta sake binsa bashin kwatankwacinsa. Masu ajiya kuwa ba wanda ya tsaya musu. Gwamnatin Amurka ba ta fara lamunin kuɗin masu ajiya ba sai da dokar 1933. Saboda haka in ɓarayi suka kwashe akwatin banki, kuɗin manomi ne da na gwauruwa da na makaranta suka tafi. Banki a irin wannan gari sunan mutanen da ke cikinsa shi ne rabin jarinsa.

Daga cikin masu jari a bankin Northfield akwai gidan Ames. Maigidan, Jesse Ames, tsohon kyaftin ne na jirgin ruwa, shi da ɗansa John suke da ma'aikatar niƙa alkama da ke bakin kogi. Ɗaya ɗan nasa, Adelbert Ames, janar ne a sojan Arewa. Bayan yaƙi ya yi gwamnan Misisipi a Kudu, inda ya tsaya wa baƙaƙen fatar da aka 'yanta daga bauta, Turawan jihar suka tsane shi, har suka tilasta masa sauka a watan Maris na 1876. Matarsa Blanche kuwa 'yar Janar Benjamin Butler ce, wanda mutanen Kudu suke ƙi fiye da kowa saboda tsananin da ya yi musu lokacin da ya riƙe birnin New Orleans. Wannan surukuta ta masu banki, wadda ba ruwan Heywood da ita, ita ce aka ce ta jawo masifa garin.

A jihar Misuri akwai wasu 'yan fashi, ragowar mayaƙan sunƙuru na Kudu, waɗanda suka yi shekara goma suna tare jiragen ƙasa suna fasa bankuna. Su ma harkar ta 'yan'uwa ce: Frank James da ƙanensa Jesse, sai 'yan gidan Younger su uku, Cole da Jim da Bob. Cole Younger ya faɗa daga baya cewa sun zaɓi Northfield ne don sun ji Butler da surukinsa suna da kuɗi a bankin. Ko hakanan ne, ko kuwa neman rufe sata ne da rigar siyasa, maganar ɗan fashi ce, mai karatu ya auna ta.

Ranar Alhamis, 7 ga Satumba, 1876, wato cikin Sha'aban na 1293, suka shigo gari su takwas a kan dawakai na ƙwarai. Manajan bankin, G. M. Phillips, ya tafi Filadelfiya kallon babban baje kolin cikar Amurka shekara 100, ya bar wa Heywood riƙo. Tare da shi akwai ma'aikata biyu, Alonzo Bunker da Frank Wilcox. Wajen ƙarfe biyu na rana mutum uku suka faɗo cikin bankin da libarba a hannu, biyar suka tsaya a waje.

Suka ce Heywood ya buɗe akwatin ƙarfe. Ya ƙi. Ɗayansu ya sa kai cikin ɗakin ajiya, Heywood ya yi wuf zai rufe masa ƙofa, suka fizgo shi, suka buga masa gindin bindiga a ka ya faɗi. Suka ɗora masa wuƙa a wuya har ta yanke shi, suka harba bindiga kusa da kunnensa. Ya ce musu akwatin yana da makulli mai agogo, ba ya buɗuwa sai lokacinsa ya yi. Makullin kam akwai shi. Amma a wannan sa'a akwatin ba a kulle yake ba, an dai tura ƙofarsa ne kawai, da ɗayansu ya ja hannun ƙofar da ta buɗe. A ciki akwai kimanin dala 15,000. Babu wanda ya ja.

Ana cikin haka Bunker ya arce ta ƙofar baya, aka harbe shi a kafaɗa, amma ya tsira. A waje kuma wani mai kantin kayan ƙarfe, J. S. Allen, ya riga ya yi kururuwa, gari ya tashi. Wani ɗalibin aikin likita, Henry Wheeler, ya hau benen masauki yana harbi ta taga, wani ɗan kasuwa, Anselm Manning, yana harbi daga kusurwar titi. Suka kashe 'yan fashi biyu, Clell Miller da Bill Chadwell. Wani baƙo daga Suwidin, Nicolaus Gustafson, harsashi ya same shi a titi, ya cika bayan kwana huɗu. Da na cikin banki suka ga abin ya ɓaci sai suka fita, na ƙarshensu ya juyo ya harbi Heywood a ka. Yana da shekara 39. Duk abin bai wuce minti bakwai ba, abin da suka tafi da shi kuwa dala 26 ne da 'yan canji.

Mako biyu mutane ɗaruruwa suna bin sawunsu cikin ruwan sama da fadamu. Frank da Jesse suka ware suka tsere. Ranar 21 ga Satumba aka ritsa da sauran kusa da Madelia, aka kashe Charlie Pitts, aka kama 'yan'uwan Younger duka uku da raunuka. Suka amsa laifi a gaban alƙali, don dokar Minesota a lokacin ba ta yarda a rataye mutum ba sai masu taya alƙali shari'a sun yanke, wanda ya amsa laifi kuwa ba ya zuwa gabansu. Aka yi musu ɗaurin rai da rai a kurkukun Stillwater. Bob ya mutu a can da tarin fuka a 1889, aka yi wa Cole da Jim sakin talala a 1901. Jesse James wani yaronsa ne ya harbe shi a 1882. Masu binciken tarihi da yawa suna ganin Frank James ne ya kashe Heywood, amma ba a taɓa kai shi gaban shari'a a Minesota ba, ya mutu a gida a 1915.

Heywood ya bar mata da yarinya 'yar shekara biyar, wadda yanzu ba uwa ba uba. Bankunan Amurka suka yi karo-karo, suka tara wa iyalin sama da dala 12,000. An binne shi a maƙabartar Northfield. Tun 1948 garin yake yin bikin tunawa da wannan rana a watan Satumba, kuma cikin abubuwan da ake yi har da taruwa a bakin kabarinsa.