Yadda Ake Auna Gudun Ruwan Teku da Lakarsa

Ruwan kogi hanya ɗaya yake bi. Na bakin teku ba haka yake ba. Sau biyu a kwana guda yakan ciko, sau biyu ya janye. Wata ne ke jansa, rana tana taya shi. Cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu.

A Ikko, watau Legas, akwai wani babban tafki wanda ke haɗe da teku ta wata mashiga. Ta nan jiragen ruwa ke shiga tashar Apapa. In teku ta ciko, ruwa ya kwarara ciki. Bayan kamar awa 6 sai ya juya ya fita. Yana tafe da yashi da laka. Inda gudunsa ya ragu, nan lakar ke kwantawa. In ta taru, sai hanya ta cike, babban jirgi ya kasa shiga. Kaya su makara, su yi tsada har a kasuwar ƙauyenku.

Don haka ma'aikata ke fita cikin kwalekwale su auna abu biyu.

Na fari, gudun ruwa. Hanya mai sauƙi ita ce a jefa gora a duba agogo. In goran ya ci mita 60 cikin minti 2, gudun ruwan mita 30 ke nan a minti guda. Akwai kuma na'ura mai farfela da ake zurawa da igiya, ruwa yana juya ta, ana ƙidaya juyin. Na'urar zamani kuwa sauti take aikawa cikin ruwa, ta saurari amsa-kuwwarsa.

Na biyu, laka. Sai a ɗebi ruwa cikin kwalba, daga sama, da tsakiya, da kusa da ƙasa. A tace shi da takarda, a busar, a ɗora bisa sikeli. Nauyin da takardar ta ƙara, shi ne lakar.

Awo ɗaya ba ya isa. Akan maimaita kowace awa har awa 13, don a ga cikowa da janyewa duka. Daga nan a san inda za a yashe hanyar jirgi, kamar yadda kuke yashe rijiya in ta cike.