Kyamarar Da Ke Duba Allura Kafin Ta Iso Ɗakin Haihuwa

'Yar kwalbar allurar da ungozoma ke fasawa a ɗakin haihuwa, sai an duba ta kafin ta baro masana'anta. A da ma'aikata ne ke ɗaga kowace kwalba a gaban fitila. Yanzu a manyan masana'antu kyamara mai saurin ɗaukar hoto ce ke wannan aiki, kwalabe ɗaruruwa a minti guda.

Na'ura takan juya kwalbar da ƙarfi, sannan ta tsayar da ita cak. Kwalba ta tsaya, amma ruwan ciki bai daina juyawa ba. Nan take kyamara ta ɗauki hotuna a jere, kwamfuta ta gwama su. Duk abin da ya gusa tsakanin wannan hoto da wancan, ɓarɓashin gilashi ne ko zare, to a cikin ruwan yake, sai a ware kwalbar.

Sai dai kyamara ba ta san abin da zai faru a hanya ba. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar ta haihu don hana zubar jini, sanyin firji take so, digiri 2 zuwa 8. In ta daɗe cikin zafi ƙarfinta kan ragu, ruwan kuwa yana nan garau.

Saboda haka maigida, in an rubuta maka ita, saya a kantin maganin asibiti ko inda ka ga an ciro ta daga firji. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinta. In kwalbar ta tsage ko ruwan ya gurɓace, nuna wa ungozoma.