Neman Djiratawa Cikin Layi Dubu Goma

Fayil ɗin rubutu, a wajen kwamfuta, jerin layuka ne kawai. Shi ya sa tsofaffin manhajojin Unix ke bin sa layi bayan layi. Mafi shahara cikinsu ita ce grep, wadda Ken Thompson ya rubuta a cibiyar Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970. Aikinta ɗaya ne: a ba ta siffar abin da ake nema, ta fito da duk layin da ya dace da ita.

Amfanin siffa yana fitowa fili a Maraɗi, inda gari ɗaya kan samu rubutu biyu ko uku, na Faransanci da na Hausa. A ɗauka akwai rajistar manoman rani mai layi dubu goma, wani magatakarda ya rubuta Djiratawa, wani Jiratawa, wani kuma Djirataoua. Wanda ya nemi ɗaya ya bar biyu a baya. Amma umarnin grep -iE "d?jirata(w|ou)a" zai kamo duka. Alamar tambaya na nufin harafin d ko yana nan ko babu. Sandar tsakiya tana ba da zaɓi tsakanin w da ou. Alamar -i kuma ta hana bambanta babban baƙi da ƙarami. Haka Ts?ibiri ke haɗa Tibiri da Tsibiri, kodayake ba ruwan siffar da ko Tibirin Gobir ake nufi ko wadda ke jihar Dosso. Wannan sai an leƙa wani gurbi na layin.

Nan awk ke shigowa, wadda Aho, Weinberger da Kernighan suka samar a 1977. Ita tana yanka kowane layi gurbi-gurbi: suna, gari, adadin buhu. Sai a umarce ta, duk layin da gurbinsa na biyu ya dace da siffar, ta tara lambar da ke na uku, ta faɗi jimilla a ƙarshe. Manhajar sed kuwa musanya take yi, ta mayar da rubutun iri ɗaya.

Baƙaƙe masu lanƙwasa suna da nasu tarko. A tsarin UTF-8, ɗ da ƙ da ƴ kowanne gurbi biyu yake ci a ma'ajiya, d kuwa ɗaya. In ba a saita kwamfutar kan wannan tsarin ba, ɗigon da ke wakiltar harafi guda a Mara.i zai kama Maradi, ya tsallake Maraɗi.