Waƙa tana da mai ita

Kowa ya san waƙar mata. Ana jin ta wurin daka da wurin niƙa. Ana jin ta a dandali, ana jin ta ranar kai amarya. Amma in aka tambayi wanda ya tsara ta, sai a ce haka aka tarar. Alhali waƙa ba ta faɗowa daga sama kamar ruwan damana. Akwai wadda ta haɗa kalmomin, ta sa musu murya. Yau za mu yi bayani a kan waɗannan mata, da aikinsu, da wahalar da suke sha.

Mai rerawa da mai tsarawa

Mai rerawa ita ce wadda muke jin muryarta. Mai tsarawa ita ce wadda ta ƙirƙiro waƙar tun farko. Wani lokaci mace ɗaya ce ke yin duka biyu, wani lokaci kuma mutum biyu ne.

Tsara waƙa aiki ne. Da farko mace ta zaɓi maganar da take so ta faɗa. Sannan ta nemi amshi mai sauƙin riƙewa. Sai ta jera baitoci, ta daidaita su da kiɗa. Daga nan ta gwada da ƴan amshinta, ta gyara inda ya karkace. Waƙa ɗaya tana iya cin kwanaki da yawa kafin ta nuna.

Waɗanda suka buɗe hanya

Hamsu Garba an haife ta a Maraɗi a 1958. Ta yi waƙa da Hausa da Zabarmanci, ta kafa ƙungiyarta mai suna Annashuwa. Ta yi waƙoƙi a kan zaman jama'a, da lafiya, da siyasa. A 2016, lokacin zaɓe, an tsare ta ƴan kwanaki a gidan kaso na Yamai. Ta rasu a watan Disamba na 2022. Allah ya jiƙanta.

A ƙetaren iyaka, a Funtuwa ta Nijeriya, akwai Barmani Coge mai amada, wato kiɗan ƙwarya na mata. Ta riƙa kiran mata su kama sana'a. Matan ƙasarmu da yawa sun ji ta a kaset da radiyo. Ta rasu a 2013.

Matan yanzu

A jihar Tawa, wajen Abalak, akwai wani ƙauye da ake kira Illigadad. Can aka haifi Fatu Seidi Gali. Matan Abzinawa suna da kiɗansu, sunansa tende. Turmi ne ake rufe wa baki da fatar akuya, mata su kewaye shi suna tafi suna waƙa. Gita kuwa an ɗauke ta kayan maza. Fatu ta koyi gita da kanta, da ta yayanta. Ta ɗauki tsofaffin waƙoƙin tende ta sake tsara su a kan gita. Ita da ƴan uwanta suka kafa ƙungiyar Les Filles de Illighadad, ma'ana ƴan matan Illigadad. Wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifansu na farko a 2016, na biyu a 2017. Sun yi wasa a Turai da Amurka.

Akwai Zara Musa, wadda ake kira ZM. Tana waƙar zamani da ake ce wa rap. Ita ke rubuta baitocinta, a kan auren dole da dukan mata da haƙƙinsu. Akwai kuma Fati Mariko, wadda ta daɗe tana tsara waƙoƙinta tare da ƙungiyar Marhaba.

Wahalolin da suke sha

Ta farko ita ce bakin mutane. Yarinya tana waƙa a dandali, ba mai cewa komai. In ta yi aure, sau da yawa miji ko dangi su hana ta. In ta hau dandamali, wasu su kira ta marar kunya. Haka baiwar mata da yawa ta mutu a cikin ɗaki.

Ta biyu ita ce rashin kayan aiki. Gita da injin ɗaukar murya suna da tsada. Ɗakunan ɗaukar waƙa galibi a manyan garuruwa suke. Macen ƙauye sai ta biya mota, ta biya masauki, ta biya mai injin. Ga yara, ga girki, ga gona.

Ta uku ita ce cin haƙƙi, kuma ita ta fi ciwo. A yau waƙa tana tafiya daga salula zuwa salula. Mai shago yana tura ta cikin katin waya, ya karɓi kuɗi. Wani mawaƙi ya ji ta a biki, ya ɗauka, ya sa sunansa. Mai ita ba ta samu ko dala ba, kuma ba a ambaci sunanta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da doka ta ce

Dokar Nijar ta ce waƙa dukiyar wanda ya tsara ta ce, namiji ko mace. Akwai ofishin da ke kula da wannan haƙƙi a Yamai, sunansa BNDA. Mai tsara waƙa tana iya zuwa ta rubuta sunanta da sunan waƙoƙinta. Aikin ofishin shi ne ya karɓi kuɗi daga masu amfani da waƙa, kamar gidajen radiyo da telebijin, ya raba wa masu ita. Waƙar da ba a rubuta ba, da wuya kuɗinta ya iso hannun mai ita.

Akwai kuma cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. A Tawa aka fara gasar Ɗan Gurmu tun shekarun 1980, don a fito da masu fasaha.

Me ya kamata mu yi?

Ke mai tsara waƙa, rubuta baitocinki a takarda, ki sa sunanki da ranar da kika gama. In za ki ba wani waƙa, a yi shi gaban shaidu. Kada ki sa hannu ko yatsa a takardar da ba ki san abin da ke cikinta ba.

Ku masu biki, ku biya zabiya hakkinta kamar yadda kuke biyan makaɗi. Ku ma'aikatan radiyo, ku riƙa faɗin sunan mai waƙa. Ku iyaye da mazaje, ku saurari abin da waƙar ke faɗa kafin ku hana. Waƙar da ke kira ga rigakafi, da sa yara lakkwal, da zaman lafiya, amfaninta na gari duka ne.

Duk wanda ya ji waƙa ta yi masa daɗi, ya tambaya: wa ya tsara ta?