Tagwayen hotuna a kwamfuta: wanne za a goge, wanne za a bari?

Mai ɗaukar hoton biki kan dawo gida da ɗaruruwan hotuna a katin kyamara. Sai ya kwafe su a kwamfuta bai goge katin ba, washegari ya ƙara ɗauka a kai, ya sake kwafe komai. Ya tura wa dangin amarya wasu ta WhatsApp, su dawo masa da waɗanda suke so a wanke. Kafin a ankara hoto ɗaya ya zama biyar, wuri ya cika, ba a san wanne ne na asali ba.

Manhajojin tsara hotuna, irin su Lightroom na kamfanin Adobe wanda ya fito a 2007, da digiKam na kyauta, suna da hanyoyi uku na gane irin waɗannan tagwaye.

Ta farko a bakin ƙofa take, lokacin shigar da hotuna. Lightroom yana duba sunan fayil na asali, da girmansa, da lokacin da aka ɗauki hoton. Idan ukun suka yi daidai da wani da ke ciki, sai ya tsallake shi, muddin an kunna zaɓin hana shigar da tagwaye. Suna kaɗai ba abin dogaro ba ne, domin kyamarori da yawa suna ƙirgawa daga 0001 zuwa 9999 ne, sannan su koma farko. Shi kuwa lokacin ɗauka yana cikin bayanan EXIF, tsarin da aka fitar a Japan a 1995, wanda kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto.

Ta biyu lissafi ce. Dabaru irin su MD5 da SHA-256 suna karanta fayil baki ɗaya su fitar masa da lamba ta musamman. Idan lambobin fayil biyu suka zo ɗaya, a aikace abu ɗaya ne, ko da an sauya suna. Amma da zarar an taɓa ɗigo ɗaya, lambar ta sauya gaba ɗaya.

Ta uku tana duba kamanni. digiKam yana auna fasalin hoto da launukansa, don haka yana kamo wanda aka rage wa girma. Kamfanin Apple ma ya ƙara sashen tattara tagwaye a manhajar Photos a 2022.

A nan ne ake buƙatar idon mutum, domin kama da wane ba wane ba ne. WhatsApp yana matse hoto ya cire bayanan EXIF idan an tura shi ta hanyar da aka saba, saboda haka wanda ya dawo ta can ne ya cancanci gogewa. Fayil ɗin RAW da JPEG na ɗauka ɗaya ba maimaici ba ne: na farko shi ke riƙe da cikakken bayanin da ake gyara haske da launi da shi. Hotunan da aka ɗauka a jere kuma, mai yiwuwa a ɗaya ne kawai idon kowa yake buɗe.

Haka nan kwafin ajiya ba tarkace ba ne. Mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Maimaici biyar a kwamfuta ɗaya tare za su salwanta ranar da ta lalace ko aka sace ta.

Don haka a fara yin ajiya kafin a goge komai. A riƙa shigar da hotuna ta hanya ɗaya, a jera su bisa kwanan wata, a share katin bayan an tabbatar da ajiyar. Gogewa kuma a yi ta daga cikin manhajar, domin Lightroom adireshin hoto yake riƙewa. Idan aka cire fayil a bayan idonsa, sai ya ci gaba da nemansa. Wurin ajiya ana iya sayen ƙari, amma hoton ranar ɗaurin aure ko na mahaifin da ya rasu ba a sake ɗaukarsa.