Ƙaunar da Ba Ta Jiran Tukuici: Abin da Kakata Ta Koya Mini

Hausawa na cewa so duka so ne, amma son kai ya fi. Na tashi ina jin wannan karin magana a bakin manya, a wani ƙauye da ke tsakanin Karaye da Rogo, har na ɗauka babu mai ja da ita. Kakata ce kaɗai ba ta yarda ba. Duk sa'ad da aka faɗe ta a gabanta, sai ta ɗaga hannuwanta, waɗanda yatsu huɗu kacal suka rage musu, ta ce: "Da son kai ya fi, da ban kai yau ba."

Kuturta ce ta kama ta tana amarya. Asalinmu Maguzawa ne, kuma a wancan zamani hukuncin wannan cuta ɗaya ne ko a gidan wa ta sauka: aka yi mata bukka a bayan gari, aka ware mata ƙwarya da tulu, mijinta na fari ya sallame ta. Tana cikin wannan hali wani ma'aikacin ɗakin shan magani na mishan, Bahaushe ɗan uwanta, ya fara zuwa a kan keke. Yakan ɗumama ruwa ya wanke mata gyambo, ya ɗaure. Wata rana ƙishirwa ta kama shi, ya ɗauki ƙwaryarta ya sha. Ta ce mini ranar ce ta tuna cewa ita ma mutum ce. Shi ne ya yi ɗawainiyar kai ta Yadakunya, kusa da Kano, inda ta samu lafiya, ta dawo ta auri kakana.

Wannan mutum bai faɗo daga sama ba. A 1893 matasa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin isa ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare, biyu sun rasu: Gowans a Girku, Kent a Bida. Ƙungiyar SIM da ta tsiro daga wannan tafiya ce ta karɓi aikin kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato a 1937, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, kuma daga cikinta ECWA ta fito a 1954. Amma galibin hannuwan da suka taɓa gyambon nan baƙaƙe ne, na 'yan ƙasa waɗanda ba a rubuta sunayensu ba.

Me ke sa mutum ya sha ruwa a ƙwaryar kuturwa? Amsar da bangaskiyar Kirista ta bayar ita ce, ƙauna ba daga mutum take farawa ba. Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Helenanci, yana da kalma ta musamman, agape, wadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fassara da ƙauna. So yakan duba kyau, ko dangantaka, ko amfani. Ita kuwa wannan ƙauna ba ta tambayar cancanta. Kiristoci mun gaskata cewa Allah ya ƙaunaci ɗan Adam tun yana cikin saɓo, kuma Yesu Almasihu ya ba da ransa a kan gicciye domin waɗanda ba su roƙe shi ba, har ya nema wa masu kashe shi gafara. Na san 'yan uwana Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma ba muhawara ta kawo ni wannan shafi ba. Ina bayyana mafarin abin ne kawai: wanda ya yi imani an fanshe shi kyauta, ba shi da hujjar sa wa alherinsa farashi.

Mai karatu zai iya cewa, ai 'yan mishan ba don Allah kaɗai suka yi ba, mabiya suke nema. Akwai gaskiya a ciki. Sun zo da burin bishara, a inuwar mulkin Turawa, shi ya sa sarakuna suka riƙa sa musu ido. Wanda ya miƙa magani da dama yana jiran tuba da hagu, ciniki ya yi, ko da ya kira shi ƙauna. Sai dai ɗimbin majinyatan Yadakunya sun shiga suna Musulmi, sun fita suna Musulmi, kuma an wanke musu gyambo kamar kowa. Kakata ma sai bayan shekaru ta shiga majami'a, ba tare da mai keken nan ya taɓa gindaya mata sharaɗi ba.

Akwai kuma ɓangaren labarin da muka fi saurin mantawa. Tun kafin zuwan mai keke, wata tsohuwa Musulma daga ƙauyen maƙwabta takan ajiye wa kakata fura a ƙofar bukka da asuba, ta tafi ba ta jira godiya ba. A misalin da Yesu ya bayar a Bisharar Luka, sura ta 10, wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka jikkata ba malamin addininsa ba ne, Basamariye ne, bare. Saboda haka Kiristan da ke ganin ƙauna gadon gidansu ce shi kaɗai bai fahimci littafinsa ba.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne halin da muke ciki yau. Mu Hausawa Kiristoci tsiraru ne a masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Ni kaina, da na je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙasa, an taɓa ce mini a wani ofis wai ba a yin Bahaushe Kirista. Na fito zuciyata na tafasa, na kwana ina tsara baƙar maganar da zan zuba a Facebook. Ina ganin irin wannan fushi a idon matasanmu, kuma ban ce ba su da dalili ba. Neman haƙƙi wajibi ne, a bi shi ta hukuma da kotu, ba tare da tsoro ba. Amma ƙiyayya wani abu ne daban. Idan muka bar ta ta yi saiwa, za mu wayi gari muna da ginin majami'a, alhali mun rasa abin da aka gina ta dominsa. Daren nan hannuwan kakata na tuna, na ajiye wayar.

Tun 1995 ake ba da maganin kuturta kyauta a duniya, amma bukkar bayan gari ba ta rushe ba, mazauna kawai ta sauya. Yau bazawara ce da marayunta, ko mai taɓin hankali a bakin kasuwa, ko almajirin da zazzaɓi ya kayar a zaure. Ba za su tambaye mu addininmu ba, mu ma bai kamata mu tambaye su nasu ba.

Kakata ta rasu ba ta san inda kabarin mai keke yake ba, tsohuwar mai fura kuma ko sunanta ba ta riƙe ba. Mu jikokinta fiye da ashirin ne a raye. Allah ya ba mu ikon biyan wannan bashi ga waɗanda ba za su iya rama mana ba.